Wuta Ta Biyu

Shekarar da Alhaji Illa mai albasa ya shigo da baƙar motar nan Madawa, wato damina biyu bayan babban farin tamanin da huɗu, garin bai yi wata hira ba sai tata. A Lome ya saye ta hannun wani Bature da ya gama aiki zai koma gida, shi ya sa aka laƙaba mata 'Yar Lome. Ƙirar Amirka ce, ƙofa biyu, da dogon hanci. Baturen, wanda da alama Allah bai ba shi abin yi ba, ya cire injinta na asali ya dasa mata wani ƙato mai fistan takwas, wanda in aka tayar da shi a tasha sai awakin maƙwabta su tsinke igiya. Amma abin da ya fi ɗaure wa direbobi kai yana ƙarƙashin sitiyari: abin takawa biyu ne kacal, na wuta da na birki. Motar ita ke canza wa kanta giya, ɗaya zuwa huɗu. Ta huɗun ta doguwar hanya ce, injin na hutawa mota na cin ƙasa.

Wata biyu Alhaji ya yi yana taka ta son ransa. Ran nan a kan hanyar Ƙonni sai aka ji ƙas! a ƙarƙashinta, injin ya yi ta ihu, mota ta ƙi gaba. A bayan babbar motar albasa aka ɗoro ta zuwa gida. Makanikai uku suka leƙa, kowannensu ya tuna yana da wani uzuri. Lurwanu ne kaɗai ya ce a sauke masa ita a garejinsa, gindin dogon yaron da ke bayan tasha.

Lurwanu ɗan maƙera ne. Mahaifinsa, tsoho Jima na Karofane, tarkon da ya ƙera ana zuwa nemansa daga Keita har Dakoro, don bai taɓa sakin abin da ya kama ba, bai kuma taɓa karyewa ba. Gidansu yana da shaida, wani ɗan ƙarfe da in an buga shi a jikin aiki sai ya bar alama kamar sawun zabuwa. Uba ke miƙa wa ɗan da ya gaji maƙera. Lurwanu kuwa yana da shekara goma sha bakwai ya ajiye zugazugi ya bi wata babbar mota, bai waiwaya ba. Da ya dawo gaisuwa da maiko a farce, abin da tsohon ya ce masa ke nan: “Ka baro gidan da aka haihuwar ƙarhe, ka tahi wankin ƙarhen wasu.” Shekara ashirin ke nan, bai janye maganar ba. Ana gaisawa, ana kai goron salla, amma aikin Lurwanu bai taɓa shiga bakinsa ba. Shaidar tana rataye a wuyansa cikin ɗan kumtun fata, mutanen Karofane har sun fara cewa da ita za a binne shi. Wannan abu yana cin Lurwanu fiye da yadda zai yarda ya faɗa wa kowa.

Kwana biyar ya yi a kan bwat ɗin motar, akwatin giya ke nan. Ya shimfiɗa farin buhu, duk abin da ya zaro sai ya jera shi a inda ya dace, don ba shi da littafi, ba shi da wanda zai tambaya. A ƙarshe ya gano ciwon. Sanduna biyu ne ke ɗauko ƙarfin injin zuwa cikin akwatin, ɗaya a cikin ɗaya. Ta waje kakkaura ce mai rami. Ta ciki siririya ce, ba ta wuce kaurin babban yatsa ba, kuma da zarar mota ta shiga giya ta uku nauyin yana komawa kanta. An yi ta ne don inji mai hankali, ba don dodon da Baturen ya dasa ba. Ta murɗe ta tsinke kamar igiyar guga.

Lurwanu ya nannaɗe hannun riga. Ya samo sandar ƙafar wata matacciyar babbar mota, ya roƙi arziki a masana'antar auduga aka bar shi ya hau injin tur, mai feƙe ƙarfe, ya rage ta daidai, sannan ya zauna da magagari ya fitar da haƙoran bakinta ɗaya bayan ɗaya, har ashirin da uku, yana gwadawa yana gogewa. Ya ƙara faifai biyu a cikin masu kama giya, ya sa waya mai tauri a inda ke danne mai don giya ta riƙa kamawa nan take ba tare da santsi ba, ya kuma ɗaura wani ƙaramin lagireto a gaba don jan man akwatin ya riƙa shan iska. Saura taurara sanda. Nan ya yi murmushi, don ai wannan a gida ya gani tun yana rarrafe. Ya gasa ta ta yi jajawur, ya tsunduma ta a durom ɗin ruwa. Ta yi cuuu, tururi ya tashi. Ya goga magagari, magagari ya zame bai ci ko ƙwaya ba. Ya ce alhamdu lillahi.

A lokacin masu hannu da shuni na yankin suna da wani wasa. In an kwashe albasa, ranar Juma'a bayan la'asar, sai a fita wani fako a kan hanyar Buza, a auna mita ɗari huɗu da igiya, motoci biyu su jeru, a yar da hula, wanda ya riga kai ƙarshe ya ci. Ba kwana, ba dabara, wuta ce kawai. Gwanin wurin shi ne Alƙasim na Keita, mai motocin haya, da jar motarsa mai giyar hannu. Tun zuwan 'Yar Lome yake faɗi a ko'ina cewa motar da ke tuƙa kanta ta malalata ce. Da Alhaji Illa ya ji an gyara, sai ya aika masa goro, ya kuma ce Lurwanu ne zai tuƙa, tun da shi ya san cikinta.

Rabin Madawa ya fito. Aka yar da hula, 'Yar Lome ta zabura ta bar jar motar a baya da tsawon mota biyu. Giya ta biyu ta kama. Jama'a suka fara ihu. Ta shiga ta uku, sai tas! Motar ta gangara a hankali ta tsaya a tsakiyar fili, injin na kuka shi kaɗai, Alƙasim ya wuce yana ɗaga wa Lurwanu hannu ta taga.

Da aka buɗe, sandar ba murɗewa ta yi ba wannan karon. Tarwatsewa ta yi gida bakwai. Wani direba ya ɗaga guntu ɗaya ya ce, “Ashe da tangaran anka yi ta!” Kafin magariba sunan ya kama: Lurwanu Mai Tangaran. Alhaji Illa ba mugun mutum ba ne, amma an yi masa dariya a gaban surukansa.

“Alƙasim ya ba ni Juma'a ukku mu sake karawa,” in ji shi. “Ni ko na yi magana da wani gwani can Sakkwato. Kak ka ji haushi, Lurwanu. Garinmu dai babu hannun wanga aiki.”

“Alhaji, ka bar mani ita kwana goma.”

“In ta sake hwashewa hwa?”

“In ta hwashe, ni da kaina ni ka ɗora ta bisa mota.”

Ya koma gida da guntayen a aljihu, ya zube su a kan tabarma ya zura musu ido, abinci na hucewa. Matarsa Rabi'atu, wadda ita ma 'yar maƙeran Buza ce, ta ɗauki ɗaya ta juya shi a haske.

“Maigida, kai ma ka san wanda zai karanta wanga abu.”

“Ba ni zuwa.”

“To zauna. Ni dai na hi son a ce mani matar ɗan Jima da a ce mani matar Mai Tangaran.”

Lurwanu ya tattara guntayen ya mayar aljihu. Amma kashegari ya koma masana'antar auduga, ya sake fitar da sabuwar sanda, ya sake bin haƙora ashirin da uku da magagari, kwana huɗu cur. Bai kai ta kusa da wuta ba. Ya naɗe ta a tsumma, ya shiga motar kasuwa zuwa Buza, daga nan ya hau bayan wata zuwa Karofane.

Ya tarar da tsohon a bukkar maƙera da hantsi, yana gyaran hauya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Rabi'atu da yara da gajiyar hanya. Jima bai kira sunansa ba, ɗan fari ne, bai taɓa kira ba. Lurwanu ya durƙusa ya ajiye guntayen a kan uwar maƙera. Kunya ta rufe shi har ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

Tsohon ya ɗauki guntu, ya kai shi bakin ƙofa, ya daɗe yana duban wurin karayar.

“Ruwa ka ba ta.”

“I, Baba.”

“Sanyi ƙarara, daga jan wuta.”

“I.”

“Sannan mi kay yi?”

Lurwanu ya ɗago kai. “Shi ke nan. Ta yi tauri, magagari bai ci ba.”

Jima ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. “Kowane yaro na garin ga ya san cuuu. Ita ad da tururi, ita aka taruwa kallo. Kai da ka ji cuuu sai ka aje zugazugi ka ruga wajen ƙwallo. Ka taɓa tsayawa ka ga abin da ni ka yi bayan kun watse?”

Gaskiya ce, bai taɓa ba. Shekara goma yana zuga wuta a bukkar nan, yana ganin an tsoma ƙarfe an gama ke nan. Abin da tsohon ke yi daga baya, shi kaɗai a gaban rushi, ya ɗauka ɗumama hannu ne irin na tsofaffi.

“Ƙarhen da yash sha ruwa bai ga wuta ta biyu ba, tauri gare shi, ba ƙarhi ba,” in ji Jima. “Tarko in bai lanƙwasa ya komo ba, kura guda ka karya shi. Mu ga abin da kaz zo da shi.”

Lurwanu ya kwance tsumman. Tsohon ya karɓi sandar, ya auna nauyinta a tafi, ya bi haƙoran da farcen babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya zagayo. Ya sake zagayawa. Lurwanu yana jira ya ji ko da “hm” ne. Abin da ya samu shi ne, “Ɗauki zugazugi.”

Aka saki tabarma a ƙofa, bukkar ta yi duhu da rana tsaka, don a hasken rana ido ba ya faɗin gaskiyar launin ƙarfe. Jima ya ja doguwar wuta da gawayin ƙirya, ya kwantar da sandar yana juya ta da awartaki, yana cewa a ƙara, a rage. Bai bari ta yi ja irin na Lurwanu ba. Da ta kai launin da yake so, ya ɗaga ta a tsaye, ya zura ta kai tsaye cikin wata doguwar tukunya da ya sa aka cika da man gyaɗa. Ba cuuu, ba tururi, sai ɗan hayaƙi da ƙamshin suya. “A tsaye,” ya ce, “in ka kwantar da ita sai ta karkace.”

Sannan wuta ta biyu. Ya bar gawayin ya lafa ya zama rushi. Ya shafe sandar da mai, ya riƙe ta a sama da rushin yana kai ta yana kawowa, a hankali, har Lurwanu ya ji ƙafarsa ta yi sanyi don tsugunno. Can man ya kama da wata siririyar wuta, ta bi jikin sandar daga wannan baki zuwa wancan, ta mutu da kanta. Ya sake shafawa. Karo na uku sai ya miƙa wa ɗansa awartakin ba tare da ya dube shi ba. Lurwanu ya karɓa, mutum mai shekara talatin da bakwai, ya riƙe sandar a sama da rushin kamar sabon shiga. Da wutar ta mutu suka binne sandar a toka mai ɗumi, aka bar ta sai gobe.

Da safe ta fito da shuɗi-shuɗi a jikinta. Magagari ya ɗan ci kaɗan, da ƙyar. Jima ya ɗaga ta ya sake ta a kan uwar maƙera, ta yi tsalle tana ƙara mai tsawo. Lurwanu ya saci kallon kumtun fatar da ke wuyan tsohon. Tsohon ya gani.

“Ba a buga shaida bisa abin da ba a gwada ba. Yaushe na wasan naku?”

“Juma'a ta sama, Baba.”

“To.”

Ranar Juma'ar, mutanen da suka fito sun ninka na farko, don abin kunya ya fi abin kirki jan jama'a. Har daga Keita da Garhanga an zo. Lurwanu na kwance a ƙarƙashin mota yana duba ɗigon mai sai ya ga wasu takalman fata da ya sani sun tsaya kusa da kansa. Ya fito da sauri. Jima ne, da babbar rigarsa ta salla, ya sha hanya tun asuba. Bai tsaya dogon zance ba, ya zagaya ya kama ƙofar kujerar da ke kusa da ta direba yana ja.

Alhaji Illa ya taso. “Baba, wagga mota gudu takai ƙwarai, ba a shiga da tsoho.”

“Alhaji, tarkon da niƙ ƙera ni ka hwara taka shi da sanda kahin in ba mutum. Ƙarhena na ciki. In za shi hwashewa, shi hwashe ina zaune.”

Alhaji ya ja da baya. Alƙasim ya leƙo daga jar motarsa ya ce, “Mai Tangaran, yau har da ɗan rakiya?” Aka kwashe da dariya. Tsohon ya gyara zama, ya dafe gaban mota da hannu biyu, ya yi bisimilla.

Lurwanu ya danne birki da ƙafar hagu, ya ba ta wuta da ta dama har motar ta tsuguna tana karkarwa. Mai hula ya ɗaga hannu. Hula ta taɓa ƙasa, ya saki birki.

Kan tsohon ya bugi kujera. Tsakuwa ta yi ta tartsatsi a baya. Amma yau Alƙasim ya shirya, jar motar tana manne a gefensu, hanci da hanci. Giya ta biyu ta kama da ƙarfi, gaf! 'Yar Lome ta ɗan leƙa gaba. Lurwanu ya ji injin na hawa, na hawa, yana tunkarar daidai wurin da aka yi masa dariya. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ƙafarsa ta fara ɗagowa da kanta don ya sassauta wa sandar.

“Taka!” tsohon ya daka masa tsawa. “Taka ta, nic ce!”

Ya taka har ƙasa. Giya ta uku ta shiga da wani duka da ya ji a ƙashin bayansa. Ya jira tas ɗin. Babu. Motar ta miƙe ta yi gaba kamar an tunkuɗa ta, jar motar ta koma taga ta baya, ta koma madubi. Suka keta igiyar ƙarshe da ratar mota huɗu. Lurwanu ya ɗaga ƙafa, giya ta huɗu ta shiga lafiya lau, injin ya sauke murya, suka yi ta sulalawa a kan fakon. Sai a lokacin ya ji wani sauti a gefensa. Tsoho Jima ne ke dariya, baki buɗe, hularsa ta faɗa kujerar baya. Rabon Lurwanu da jin wannan dariya tun yana yaro.

Da suka juyo, jama'a suka yanyame motar. Alhaji Illa ya rasa inda zai sa kansa, sai rungumar mutane yake, har waɗanda bai sani ba. Alƙasim, a ba shi haƙƙinsa, ya tako da ƙafa ya miƙa wa Lurwanu hannu ya ce a sa masa rana ya kawo tasa. Direban da ya fara zancen tangaran shi ya fi kowa rantsuwa cewa tun farko ya san za a yi haka.

Jima ya fito a hankali, ya dafa motar har ya daidaita. Ya sa hannu a wuya ya ciro kumtun fatar, ya kwance, ya zaro ɗan ƙarfen. Waɗanda suka san Karofane suka matso kusa, sauran suka bi su.

“Shiga ka buga bisa akwatin.”

“Baba, ai kai kag gasa ta.”

“Ni nig gasa. Haƙoran hwa? Shekara hamsin ina ƙira, ban iya hidda haƙori ashirin da ukku su zo daidai wa daida ba. Sau biyu niƙ ƙilga su.” Ya juya ga Alhaji Illa, ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji. “Alhaji, na ji ka ce garinku babu hannu. Wanga aikin maƙeri na. Na gidanmu na.”

Lurwanu ya karɓa, ya ɗauki guduma, ya shige ƙarƙashin motar. Ya gode wa Allah da ba mai ganin fuskarsa a can, don hawaye ne ke gangarowa har cikin kunnensa. Akwatin da zafi, ya ƙona masa gwiwar hannu, bai kula ba. Ya saita ƙarfen, ya buga sau ɗaya. Sawun zabuwa ya fito raɗau.

Ya fito ya goge shaidar da bakin rigarsa, ya durƙusa ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu. Tsohon ya riga ya maida hannuwansa baya.

“Riƙe,” ya ce. “Ta daɗe tana yi mani nauyi ga wuya.” Ya duba cikin motar. “Ɗauko mani hulata. Kuma kai za ka maishe ni Karofane, amma sannu-sannu.”